Hanyar Yaron Nan

Ku gyara zama, ku ba ni aron kunnuwanku, in na gama zan mayar muku da abinku. Wannan ba tatsuniya ba ce, ba kuma a bakin wani na tsinto ta ba. A gabana aka yi, ina da goyo a baya. Na manta abubuwa da yawa a duniya, jiya ma na yi ta neman carbina har aka gano min shi a wuyana, amma ranar da aka sa wa hanyar unguwarmu suna a Kontagora, wannan kam sai dai ƙasa ta rufe min ido da ita. Mai dariya kuma ya yi a hankali, domin maganar mamaci ce.

A lokacin an gama yaƙin basasa ba da daɗewa ba. Muna ƙarƙashin Sakkwato, ba a yanke mana tamu jihar ba tukuna. Ni daga Nasko aka kawo ni aure, shi ya sa uwar mijina, wadda muke kira Inna, ba ta taɓa ce min komai ba sai 'Yar Nasko. Mu uku ne mata a gidan: Inna, da ni, da faccalata matar wan mijina, wadda nake ce wa Yaya. Wan mijin nawa soja ne, kofur. Ya tafi yaƙi bai dawo ba. Abin da ya dawo shi ne akwatinsa na ƙarfe, da bargo, da takalman da babu ƙafar da ta cika su a duk unguwar. Gari kuwa kaf Dogo ake ce masa tun yana yaro, don in zai shiga zaure sai ya sunkuya kamar mai gaida sarki. Sunansa na yanka ya ɓace a ƙarƙashin Dogon nan, limamin da ya raɗa shi ma ya daɗe da rasuwa.

To, a nan ne sai kun saurara da kyau, ku 'yan yanzu da kuke ƙwala wa miji kira da sunansa kamar kuna kiran akuya. A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan mijinta, ba ta faɗin sunan surukinta, ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Kunya ke nan, da ita aka haife mu. Marigayin nan ɗan farin Inna ne, saboda haka bakinta a rufe yake, in za ta ambace shi sai ta ce yaron nan. Mijin Yaya ne, ita ma bakinta a rufe, sai dai ta ce Shi. Ni kuwa da na je wankan gida a Nasko na haifi namiji, sai mijina ya aika aka raɗa masa sunan wansa, ya zama sunan ɗana na fari. Nawa bakin ma ya rufe. Mata uku a gida ɗaya, duk mun san sunan, babu mai iya fitar da shi. Har yau ɗin nan da nake ba ku labari ba za ku ji shi a bakina ba, kada ma ku zauna jira.

Ana nan, ana nan, sai hukuma ta zuba kwalta a hanyar da ta bi ta bayan unguwarmu ta fita gari. Aka ce za a yanka ta kashi-kashi kamar naman watanda, kowane kashi a sa masa sunan wani da ya yi wa ƙasa aiki ya rasu. Kashin farko aka ba wani duba-gari, wanda a zamaninsa babu randar da bai leƙa ba, wadda ya ga tsutsa a ciki kuma ya fasa ta nan take. Na biyu aka ba wani malamin asibiti. Na uku, tun daga gindin ɗorawar da ke kusa da gidanmu har gada, aka ce na sojanmu ne.

Mai unguwa da kansa ya kawo albishir. Inna ta saurare shi har ya kai aya, sannan ta ce, "Wato a shimfiɗe shi a ƙasa jakuna su riƙa bi ta kansa?"

Ya ce, "Inna, ba shi za a shimfiɗe ba. Sunansa ne za a rubuta a allo, a kafe a sama."

Ta ce, "A sama, inda tsuntsaye ke yin abin da suke yi."

Mai unguwa ya gyara rawani ya ce, "Inna, kabarinsa ba mu san inda yake ba. Ba mu da wurin da za mu nuna wa 'ya'yansa mu ce ga ubanku. In aka yi wannan, mai mota zai ambace shi, mai keke zai ambace shi, a cikinsu ba a rasa mai cewa Allah ya jiƙansa."

Inna ta kau da kai. Amma washegari da sassafe na gan ta ta fita da tsintsiya. Tun daga ranar, kullum sai ta share kwaltar nan iyakar inda ƙugunta ya yarda, ta kori awaki, ta harari masu jakuna. Wata maƙwabciyarmu kuwa, wadda duba-garin ya taɓa fasa wa randa sabuwa fil, ita ma ta sami aikin yi: in za ta kasuwa sai ta zagaya ta kashinsa ta riƙa dira ƙafa da ƙarfi.

Kwanci tashi ranar buɗewa ta matso. Mijina ya tafi Auna sayo dawa, da niyyar ya dawo ana gobe biki. Yana can, wata ranar kasuwa da hantsi, maza duk sun watse, sai muka ji sallama a zaure da wata irin Hausa. Mai fenti ne, wanda aka ba aikin rubuta alluna. Baƙo ne daga can kudu, ya biyo masu aikin hanya, Hausarsa kuma a tashar mota ya tsince ta, duk gutsuttsura. An ce masa ya zo gidan su soja ya karɓi cikakken suna. Inna ta yafa gyale ta fita zaure, ni da Yaya muka laɓe bayan zana muna ji.

Ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Mama, sannu da gida. Ni mai fenti. Sunan soja nake so."

Inna ta ce, "Wa? Yaron nan?"

Ya ce, "Yaro Nan." Ta ramin zana na ga ya ciro fensir daga bayan kunne yana zane a tafin hannunsa. "To Mama, baba nasa fa?"

Ta ce, "Maigida? Ai Maigida ya riga shi tafiya da daɗewa."

Ya ce, "Maigida. Allah ya ba haƙuri."

Inna ta ce, "Maganar suna kuwa, ka dakata ƙaninsa ya dawo daga Auna, shi zai faɗa maka."

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa ya ce, "Ba komai Mama, ya isa. Fenti yana so ya bushe."

Da Inna ta shigo sai yabonsa take yi. Ta ce, "Kun ga ɗan mutunci. Baƙo ne amma ya san ɗan fari. Bai matsa min ba ko kaɗan. Ashe ma sun san sunan a ofis, gaisuwa kawai ta kawo shi." Har ta sa na bi shi da ƙullin gyaɗa. Wallahi mu ukun nan babu wadda zuciyarta ta ɗarsa komai. Aka kafe allon a gindin ɗorawa, aka lulluɓe shi da farin ƙyalle. Ko ba a lulluɓe ba ma, mu da rubutun boko sai kallo, da shi da tafiyar tsutsa duk ɗaya ne a wurinmu.

Ana gobe biki aka kwana ana ruwa, ruwan ya cinye wata kwalbati a hanyar Auna. Mijina ya maƙale a can shi da dawarsa. Gari ya waye, aka aiko cewa iyalan mamaci su fito. Muka ci ado na mutunci, na goya ɗana, muka sa Inna a gaba.

Ban taɓa ganin taro irin na ranar ba. An kafa rumfa, an jera benci, an ɗaure lasifika a can ƙololuwar ɗorawa, bakinta kamar na ƙaton masaki, tana kallon kasuwa. Igiyarta ta sauko har ƙasa ta ƙare a wani ɗan ƙarfe mai kan kwakwa, wanda in ka yi tari a cikinsa sai an ji a mahauta. Babban baƙo wani hafsan soja ne mai taurari a kafaɗa, an ce daga Sakkwato ya taso. Shi ma ba Bahaushe ba ne, Hausar bariki yake yi, amma mutum ne mai fara'a, ya zo har gaban Inna ya cire hula. An riga an buɗe allunan duba-gari da malamin asibiti a can sama, namu ne na ƙarshe.

Hafsa ya yi jawabi, ya ce sojan nan namiji ne. Ya kama ƙyalle ya ja. Wani akawu ya karɓi ƙarfen magana, ya gyara murya, ya karanta wa duniya: "Hanyar Kofur Yaro Nan Maigida. Allah ya jiƙansa."

Jama'a suka ce amin, domin jama'a ba sa jira su gane kafin su ce amin. Inna ma ta shafa. Sannan ta karkato ta ce min, "'Yar Nasko, wane bawan Allah ne kuma wannan? Shi ma a yaƙin ya rasu?"

Na ce, "Inna, ina jin namu ne."

Ta ce, "Namu wa?"

Kafin in sami amsa sai taro ya fara darewa daga baya. Wani mutum ne ke kutsowa, gajere, hannunsa duk baƙin mai, yana riƙe da famfon keke. Kowa ya san shi, mai gyaran keke ne a bakin kasuwa, mutumin Mashegu. Sunansa Yaro, ubansa kuma Maigida ake ce masa. Ya iso gaban hafsa yana haki ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ne Yaro na Maigida, kuma ban mutu ba. Da safen nan na sha koko, akwai shaidu." Bai rufe baki ba sai ga matarsa. Daga cikin gida ta ji lasifika tana nema wa mijinta gafara, ta taho da gudu hannu a ka tana kuka. Ta iso ta same shi tsaye da famfonsa, ta rasa yadda za ta yi da ragowar kukan, sai ta ƙarasa shi a hankali a gefen rumfa.

Aka nemo mai fenti. Ya zo, ya buɗe tafin hannunsa yana nunawa, ko da yake ya wanke shi tuni. Ya ce, "Mama ya faɗa. Da bakin Mama. Yaro Nan. Baba nasa Maigida."

Inna ta ce, "Ni yaron nan na ce, ban ce Yaro Nan ba."

Hafsa ya dubi Inna, ya dubi mai fenti, ya dubi akawu, ya ce, "Mene ne bambanci?"

Mai unguwa ya matso ya ce, "Ranka ya daɗe, kuskure aka yi. Mamacin namu Dogo ne."

Hafsa ya ce, "Dogo wa? Rabin sojojina Dogo ne. Gwamnati ba ta rubuta Dogo. Sunan gaskiya."

Mai unguwa ya juya ga dattawa, dattawa suka juya ga junansu. Wannan ya ce wancan ne ya je sunansa, wancan ya ce shi dai nama ya ci, bai riƙe abin da aka raɗa ba. Hafsa ya yi murmushi ya ce, "Ga uwa a zaune kuna wahala. Uwa ta fi kowa sani." Ya karɓi ƙarfen magana ya kai shi bakin Inna. "Mama, faɗi sunan ɗanki."

Mai unguwa ya ce da sauri, "Ranka ya daɗe, ɗan fari ne."

Hafsa ya ce, "To, ko ɗan baƙi ne ai yana da suna."

Babu wanda ya yi dariya a fili, domin akwai bindigogi a wurin. Amma na ga rawuna suna girgiza.

Inna ta ja gyale ta rufe baki, ta tura ƙarfen da bayan hannu zuwa wurin Yaya. Hafsa ya ce, "Ke matarsa ce? Madalla. Sunan mijinki." Yaya ta sunkuyar da kai kamar za ta shige ƙasa. Can ta ce, "Shi ne dai." Lasifika ta ɗauka ta watsa wa kasuwa: shi ne dai. Hafsa ya ce, "Shi wa?" Ta ce, "Shi." Kasuwa ta sake ji. Sai Yaya, Allah ya yafe mata, ta nuna ni da haɓa.

Ga ƙarfe a bakina, yana warin taba da goron duk waɗanda suka yi magana kafina. Idon Kontagora kaf a kaina. Na rasa ta yi, sai na juya baya na nuna goyona na ce, "Ranka ya daɗe, sunansu ɗaya da wannan." Hafsa ya yi ajiyar zuciya kamar wanda ya iso gida. Ya ce, "To, sunan wannan fa?" Na ce, "Shi ma ɗan fari ne." Bawan Allah nan ya cire hula ya sosa kai, ya mayar. Ko don wasa ko don ya rasa dabara, sai ya miƙa wa jaririn ƙarfen ya ce, "Kai, ya sunanka?" Ɗana ya cafke abin da hannu biyu, ya kai baki, ya ce, "Tatta." Aka ji tatta har mahauta. Mai fenti ya ciro fensir daga bayan kunne. Mai unguwa ya riƙe masa hannu.

Hadari kuma ya fara haɗowa daga gabas. Hafsa ya dubi sama, ya dubi agogonsa, fara'ar ta ragu. Ya ce tafiya ce mai nisa a gabansa, kuma shi ba zai koma ya ce ya buɗe hanya marar suna ba. In iyali ba su da wani suna, abin da ke jikin allo ya zauna, hukuma ta riga ta rubuta.

A nan ne Yaro mai keke ya sake shawara. Tun ɗazu yana tsaye yana kallon allon nan, fari tas da baƙin rubutu, an gaya masa sunansa ne a jiki. Ya matse famfo a hammata ya ce, "Ranka ya daɗe, in don ni ne a bar shi. Na yafe."

Mai unguwa ya ce, "Kai Yaro, ji tsoron Allah. Kai soja ne?"

Ya ce, "Na taɓa yi wa soja facin taya."

"An ce kofur."

"Na karɓa."

"An ce marigayi."

Yaro ya ce, "Ai hanyar ba gudu za ta yi ba, ta jira ni." Matarsa da ta gama share hawaye ta ce ita ma ba ta ga laifin hakan ba.

Yanzu kam an yi dariya, har sojojin. Ni ban yi ba, domin ina kallon Inna. Tana zaune tana duban kwaltar nan da ta yi ta sharewa, daga gindin ɗorawa har inda idonta ya tsaya. Akawu ya fara naɗe farin ƙyalle. Direban hafsa ya tayar da mota. Na ga hannun Inna yana lalube a gefen benci, na zaci sandarta take nema, ashe kafaɗata ce. Ta dafa ni ta miƙe.

Ta ce wa hafsa, "Ɗana, sunkuyo."

Dogo ne shi ma, sai da ya naɗe kusan biyu. Inna ta ɗaga gyalenta ta lulluɓe kanta da nasa, ta yi musu ɗan ɗaki su biyu, yadda ko leɓenta ba za a gani ba. Abin da ba ta lura ba, shi ma bai lura ba, ƙarfen maganar yana hannunsa, a ƙirjinsa, a cikin ɗakin tare da su.

Da farko numfashinta muka ji daga saman ɗorawa, kamar iska a cikin kara. Sannan sunan ya fito. A hankali ta faɗe shi, da raɗa, amma lasifika ba ta san raɗa ba. Ya bi ta kan rumfa, ya bi ta kan kasuwa, masu awo suka tsaya da mudu a hannu. Ta faɗi nasa, ta ɗan tsaya, ta faɗi na ubansa, mijinta, wanda shi ma ba ta taɓa ambata ba tun ranar da aka kai ta gidansa. Ban taɓa jin Kontagora ta yi shiru irin na lokacin ba. Yaya ta kifa fuska a cinya. Wani tsoho a bayanmu ya ce, "Ƙwarai kuwa, shi ne. Yanzu na tuna." Yaro mai keke ya cire hularsa, ya sauke famfo ƙasa.

Hafsa ya fito daga cikin gyale idonsa ja. Ya ƙame ya sara wa Inna, ya ba da umarni aka busa begila. Inna kuwa ta ɗaga kai tana duban saman bishiya. Ta ce, "Wane ne ya faɗa?"

Kowa ya sunkuyar da kai.

Ta ce, "Ni dai a kunne na sa masa. Ƙarfen can ne marar kunya, wanda ba a yi wa tarbiyya ba." Mai unguwa ya ce haka ne Inna, kowa shaida ne, ƙarfe ne. Dattawa duk suka ce ƙarfe ne. A kan haka aka tsaya, kuma har ta koma ga Allah babu wanda ya taɓa ce mata ita ta faɗa.

Mai fenti bai jira an ce masa ba. Ya kwaso gwangwanayensa ya hau benci, ya shafe Yaro Nan da fari, ya rubuta na gaskiya, akawu na tsaye a kansa, ana yayyafi, wani soja na riƙe musu da laima. A hanyarmu ta komawa gida Inna na dafe da ni har muka kai ƙofar zaure. Nan ta tsaya ta ce, "'Yar Nasko, ashe sunan gajere ne. Shekara da shekaru ina ɗauke da shi, na zaci ya fi haka tsawo." Ta shiga ɗaki ta ja labule, ranar ba ta ci tuwo ba.

To, ga yadda kowa ya ƙare. Mijina ya iso washegari, taɓo har gwiwa. A mota aka ba shi labari a karkace, cewa an sanar da rasuwar Yaro mai keke a lasifika. Bai ko sauke dawa ba ya wuce gidansu ta'aziyya, ya yi sallama, mamacin ya fito yana sakace. Mijina bai ƙara yarda da labarin cikin mota ba har ya bar duniya.

Yaro ya kwashe kayan gyaransa daga bakin kasuwa ya dawo ƙarƙashin allon, ya ce ko ba komai sunansa ya taɓa kwana a jikinsa. Shi ya riƙa goge shi in tsuntsaye sun yi abin da Inna ta faɗa. Ya yi tsawon rai na ban mamaki, ya binne mai unguwa, ya binne akawu, ya binne kusan duk wanda ya yi masa dariya a ranar. Mai fenti bai koma garinsu ba. Ya zauna a Kontagora, Hausarsa ta nuna, ya auri wata 'yar wajen Rijau. Bai ƙara tambayar mace sunan kowa ba, in aiki ya kai shi gida ya tarar ba maza, sai ya zauna a dakali har magariba. Hafsa ba mu sake ganinsa ba, amma ya aiko wa Inna da sabon gyale. Yaya ba ta sake aure ba, ta kafa tandar waina a bakin hanyar ta riƙe 'ya'yanta da ita. In aka tambaye ta inda take sana'a sai ta ce a hanyar Shi.

Allo ya ɗauki sunan gaskiya, bakin mutane kuwa ya riƙe na farko. 'Yan kamasho da yaran mota sai ka ji suna cewa, akwai mai sauka Yaron Nan? Wannan ya yi wa Inna daɗi ƙwarai, domin ko ba komai ta sami hanyar da za ta iya faɗa wa direba inda zai sauke ta. Ta ga an ba mu jiharmu, ta ƙara 'yan shekaru, ta rasu da damina. Ta kan kwaltar aka bi da ita.

Ni ce na rage. Abin da ranar ta koya min, kunya abu ne mai kyau, ban yar da ita ba kuma ba zan yar ba. Amma in kin ɓoye sunan naki ya yi zurfi, wata rana mai famfo zai zo ya tsaya a wurinsa, kina zaune kina kallo. Kuma wanda kike jin nauyinsa ba kullum zai zauna yana jiran ki ba. Inna sai da nata ya tafi inda ba ya ji sannan ta kira shi, kowa ya ji ban da shi.

Wanda ya ce tatta a lasifika yanzu gemunsa ya yi fari, jikokinsa sun fi yatsuna yawa, har yau bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Na yi niyyar kafin in tafi in sa masa shi a kunne, sau ɗaya, yana raye yana ji. Ina gwadawa in ba kowa a ɗaki, ina kaiwa bakin sunan in tsaya. Amma ina matsowa. In ranar ta zo, ku kwashe wayoyin nan naku ku fita da su tsakar gida, domin duk jikokin ƙarfen nan ne, kuma na san halin gidansu.